Mamman Shata

Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina (an haife shi a shekarar 1923 a Musawa, ya rasu ranar 18 ga watan Yuni, 1999 a Kano) mawaƙin baka ne na Hausa wanda ya shafe sama da shekara 50 yana waƙa da kiɗan kalangu. Ana lissafa shi cikin mawaƙan da suka fi shahara a ƙasar Hausa a ƙarni na 20. Ya yi wa sarakuna da attajirai da sojoji da direbobi da mata da talakawa waƙa, kuma muryarsa ta kai duk inda ake jin Hausa, daga Arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar har zuwa zangunan Hausawa na Ghana da Kamaru. Duk da cewa Bakatsine ne, a cikin birnin Kano tauraruwarsa ta fara haskawa sosai, a wani bikin gidan sarauta da aka yi a shekarar 1952, kuma a Kano Allah ya karɓi ransa.

Asali da ƙuruciya

An haifi Muhammadu, wanda aka fi sani da Mamman, a garin Musawa da ke ƙasar Katsina, lokacin mulkin Turawan Ingila. A wancan zamani Musawa tana ƙarƙashin En'e ta Katsina. Daga baya ta shiga ƙaramar hukumar Kankiya, yanzu kuma ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta a Jihar Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro. Mahaifiyarsa Lariya Bafulatana ce, haifaffiyar garin Tofa ta ƙasar Kano, saboda haka Shata yana da dangantakar jini da Kano ta wajen uwa.

Ya yi karatun allo kamar sauran yaran zamaninsa. Da ya taso ya taɓa tallar goro, daga baya ya sayar da alewa. A nan ne ya samo laƙabinsa. Idan ya sayar da goro sai ya rabar da kuɗin ga mutanen da ya haɗu da su a kasuwa ko a hanya, ya koma gida hannu rabbana. In an tambaye shi ina ciniki, sai ya ce ya yi shata da shi, wato ya rabar. Wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu ya riƙa kiransa da wannan kalma har ta bi shi. Halin kyauta bai rabu da shi ba har tsufansa.

Fara waƙa

Shata bai gaji kiɗa ba. A tsarin zaman Hausawa na wancan lokaci ana ɗaukar kiɗa da waƙa a matsayin roƙo, sana'ar da ake gada daga iyaye, wadda kuma ba ta da daraja a idon masu mulki da malamai. Shi ya sa mahaifinsa bai so ɗansa ya shiga wannan hanya ba. Yaron ya fara ne a dandali, inda samari da 'yammata ke taruwa da dare bayan an gama aikin gona, ana kiɗan kalangu ana rawa. Tun a nan aka gane cewa ya fi tsaransa murya da saurin haɗa magana.

Daga Musawa ya koma Bakori, wajen Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e na sayen auduga da gyaɗa, wanda ya zama ubangidansa na farko. Daga Bakori ya riƙa fita yawon waƙa zuwa garuruwan Katsina da Zariya da Kano. A ƙarshe ya kafa gida a Funtuwa, garin auduga da jirgin ƙasa, wanda ya zama mazauninsa na shekaru masu yawa.

Bikin 'Yan Sarki a birnin Kano

A shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953), aka yi wani babban biki da ake tunawa da shi da sunan Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan gidan sarautar Kano kimanin 12 suka yi aure a lokaci guda. Shata yana cikin makaɗan da suka yi wasa a wannan biki, kuma daga nan ne sunansa ya fara cika gari.

Wurin da lokacin duka sun taimake shi. Kano ita ce cibiyar cinikin gyaɗa a Arewa, jirgin ƙasa yana kwasar amfanin gona zuwa Legas, kuɗi kuma suna yawo a hannun dillalai da masu motocin sufuri. A cikin ganuwa akwai Gidan Rumfa, fadar da ke nan tun ƙarni na 15, da kasuwar Kurmi da gidajen manyan attajirai. A bayan ganuwa akwai Fagge da Sabon Gari, inda baƙi ke sauka kuma ake kwana ana kiɗa. Bikin gidan sarki yakan tara hakimai da dagatai da fatake da baƙi daga wasu masarautu, kowa da jama'arsa. Mawaƙin da ya burge irin wannan taro, kafin a watse labarinsa ya riga shi isa garuruwa da yawa.

Akwai kuma wani abu da ya sa wasan nasa ya ja hankali. Fadar Kano tana da makaɗanta na gado, masu tambari da kakaki da algaita da kotso, kowa da matsayinsa. Kalangu ba ya cikin kayan kiɗan sarauta. An san shi da kiɗan mahauta da na 'yammata a dandali. Saurayin da ya zo da kalangu daga ƙauyen Katsina ya karɓu a wajen 'ya'yan sarki, wannan ya nuna cewa makaɗin jama'a ma yana iya tsayawa a gaban masu sarauta ba tare da ya zama makaɗin fada ba.

Dangantakarsa da Kano ta ɗore har ƙarshen rayuwarsa. Ya ga zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya da na Sarki Ado Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1963. Cikin waƙoƙinsa da suka shafi mutanen ƙasar Kano akwai ta Sarki Ado Bayero da ta Hassan Sarkin Dogarai da ta Garban Bichi.

Yadda wasansa yake

Ƙungiyar Shata ta ƙunshi makaɗan kalangu da masu ƙananan ganguna da ke riƙe musu sauti, da 'yan amshi, da sanƙira mai yi wa mutane kirari yana sanar da kyautar da aka bayar. Kalangu ganga ce mai siririn ƙugu da baki biyu, an haɗa fatunta da tsirkiya. Makaɗi yana rataye ta a hammata, yana matse tsirkiyar yana saki, sai sautin ya hau ko ya sauka kamar yadda karin maganar Hausa yake yi. Saboda haka mai kunnen kiɗa yakan gane amshin waƙa daga bakin kalangu tun kafin mawaƙi ya buɗe baki.

Tsarin waƙar ba shi da sarƙaƙiya. Amshi gajere ne, sau da yawa layi ɗaya, 'yan amshi suna maimaita shi ba canji, shi kuma Shata yana zuba ɗiyan waƙa a tsakani. Wannan ya bambanta shi da makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, waɗanda yaransu ke karɓar baiti su ƙarasa shi tare da jagora, abin da ke buƙatar a zauna a tsara waƙar tukuna. Shata ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take a filin wasa. Yakan dubi wanda ke gabansa, ya ambaci garinsu da iyayensa da abokansa da wata alheri da ya taɓa yi, ya saƙa su cikin waƙa. Shi ya sa waƙa ɗaya takan fito da fuskoki daban-daban: yadda ya rera ta a Kano ba lallai ta zo daidai da yadda ya rera ta a Kaduna ko Daura ba.

Masu sauraro ba 'yan kallo kawai ba ne a irin wannan wasa. Wanda aka ambaci sunansa yakan tashi ya shiga fili ya yi liƙi, abokansa su bi bayansa su taya shi. Sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi abin da aka bayar, wani kuma ya ji ƙaimi ya tashi don kada a bar shi a baya. Kyautar takan wuce kuɗi ta kai ga riguna da dawaki da motoci. Ga mai biki, zuwan Shata shaida ce ta arziki da yawan jama'a. Ga wanda aka yi wa waƙa kuwa, sunansa ne zai daɗe ana ji, domin da yawa daga cikin mutanen da ya waƙe, ta bakinsa kaɗai 'yan baya suka san su.

Yadda jama'a suka ɗauke shi

Masoyan Shata sun fi yabon abubuwa uku: ƙarfin muryarsa da ke ratsa taro, fitar kalmominsa yadda kowa zai ji abin da ya faɗa, da kuma rashin tsoronsa. Yadda ake kwaɗayin yabonsa haka ake shakkar zambonsa. Waƙar Gagarabadau tana cikin misalan da ake bayarwa na yadda yake yi wa abokin hamayya kaca-kaca da habaici. A Bakandamiya kuwa kansa ya wasa, ya jera garuruwan da ya shiga da fifikon da yake ganin yana da shi a kan sauran mawaƙa, kuma masu nazari suna ɗaukar ta a matsayin babbar waƙarsa.

Bai tsaya ga yabo da zambo ba. Ya yi waƙar Ummaru Ɗanɗanduna na Gwandu da ta Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi ta Dajin Rugu, ya yi ta kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka tura duniyar wata a 1969. Ya yi wa sojoji waƙa a lokacin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, ya kuma yi waƙoƙin noma da na aure da na yabon Manzon Allah.

Ba kowa ne ya yarda da shi ba. Waƙar da ya yi a kan shan giya ta jawo masa suka daga malamai da masu wa'azi, waɗanda dama suke ganin taron kiɗa wuri ne na almubazzaranci da cuɗanyar maza da mata. Ya kuma yi saɓani da wasu mawaƙan zamaninsa, cikinsu har da Ahmadu Doka da Ali Makaho. Duk da haka sukar ba ta rage masa jama'a ba.

Rediyo da faifai da kaset sun faɗaɗa wannan jama'a. Gidan rediyon Kaduna da na Kano sun riƙa sa waƙoƙinsa, aka buga su a faifan garmaho, daga baya kaset ya kai su tashoshin mota da shagunan tela da teburan masu shayi. Gidajen talabijin ma sun ɗauki wasanninsa. Shi kansa bai iya faɗin adadin waƙoƙin da ya yi ba, domin da yawa an rera su ne sau ɗaya a wajen biki ba tare da an naɗa ba. Ya je aikin Hajji, ya kuma ziyarci ƙasashen Afirka da dama da Ingila da Faransa da Amurka.

Siyasa

A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda a lokacin take cikin tsohuwar Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga jam'iyyar GNPP, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma aka sauke shi bayan saɓani da manyan jam'iyyar.

Karramawa da nazari

Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta a 1988, abin da ya sa ake kiransa Dokta Mamman Shata. Wannan karramawa tana da nauyi ga mutumin da mahaifinsa ya ƙi sana'arsa saboda ana ganin ta roƙo ce.

Tun yana raye masana suka fara nazarinsa. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Bayan rasuwarsa Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah a 2006. Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, ɗaya daga cikinsu, ya sake rubuta wani mai suna Mahadi Mai Dogon Zamani.

Rasuwa

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da doguwar jinya, aka kwantar da shi a Kano, aka kuma kai shi Jidda ta ƙasar Saudiyya inda aka yi masa aiki. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga watan Yuni, 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da kimanin shekara 76. An kai gawarsa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka binne shi a can. Har yanzu gidajen rediyon Arewa suna da filayen da ake sa waƙoƙinsa, ana kuma nazarin su a sassan koyar da Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi.