Tarihin Malfigi, Likitan Da Ya Leƙa Cikin Harshe

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani Bature masani mai suna Marsello Malfigi, mutumin ƙasar Italiya.

Duk wanda ya saba da kasuwar shanu ta Mubi, ko ya taɓa tsayawa wurin mahauta a nan Mayo Bani, ya san harshen sa da irin kaushinsa. Mu dai iyakarmu a dafa a ci. To shi wannan bawan Allah, harshen sa na cikin abin da ya fito da sunansa.

An haife shi a 1628 kusa da birnin Bolonya. Yana ɗan shekara 21 iyayensa suka rasu, ɗawainiyar gida ta faɗo kansa, amma bai yar da karatu ba, har ya zama likita a 1653. A 1661, da madubin ƙara girman abu, ya gano siraran hanyoyin jini a huhun kwaɗo.

A 1665 ya fitar da bincikensa kan harshe. Dafa harshen sa ya yi, ya riƙa ɓare fatarsa hawa-hawa yana dubawa a madubi. Ƙarƙashin fatar sama mai tauri ya tarar da wata mai laushi kamar raga, ƙarƙashinta kuma ga 'yan tsiro-tsiro birjik, jijiyoyi na shiga cikinsu. Nan ya gane ashe ta wurinsu ne ake jin ɗanɗano. Sai bayan kimanin shekara 200 wasu masana suka gano ainihin ƙwayoyin ɗanɗanon da ke jikin tsiron. Ikon Allah ke nan, a cikin bakin kowannenmu!

Amma fa ya sha wuya. Likitoci masu riƙo da tsofaffin littattafai sun yi ta sukarsa, a 1684 kuma gobara ta ci gidansa, ya yi asarar madubai da takardunsa. Duk da haka a 1691 Fafaroma ya kira shi Rum ya zama likitansa, can ya mutu a 1694. Har yau akwai wani hawa na fatar mutum da likitoci ke kira da sunansa.

Jama'a, mu 'yan kasuwa mun cika gaggawar cire yaro daga makaranta mu zaunar da shi a shago. Maraici bai hana wannan mutum karatu ba, balle namu da iyayensu ke raye. Allah ya sa mu gyara, amin.