Joseph Edet Akinwale Wey: Ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci sojojin ruwa

Wanda ya san sunayen mutanen Kudu zai gane asalinsa daga sunansa. Edet sunan Efik ne, dangin mahaifiyarsa, Akinwale kuwa na Yarabawa ne, domin mahaifinsa mutumin Legas ne. A Kalaba aka haife shi a watan Maris na 1918.

Ba da kakin soja ya fara ba. Wajen 1940 ya shiga sashen jiragen ruwa na gwamnatin Turawa yana koyon aikin injiniya, ya yi shekaru a ɗakin inji. Da aka kafa rundunar sojojin ruwa a 1956 aka mayar da shi can a matsayin ƙaramin hafsa, ya riƙe sansanin Apapa, sannan a 1964 ya karɓi shugabancin rundunar daga hannun Bature, Commodore Kennedy.

Juyin mulkin Yulin 1966 ne ya gwada shi. An kashe Aguiyi-Ironsi, Birgediya Ogundipe ya bar ƙasar, mulki ya faɗa hannun Laftanar Kanar Yakubu Gowon, mai shekara 31. Wey ya girme shi a shekaru da muƙami, amma ya yarda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, abin da Ojukwu ya ƙi. Ba ƙaramin abu ba ne wannan a gidan soja, kuma yana cikin abin da ya ba gwamnatin Gowon ƙafar tsayawa. Yana cikin waɗanda suka zauna a taron Aburi na ƙasar Ghana a Janairun 1967.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, jiragensa suka toshe wa Biyafara hanyar teku, suka sauke dakaru a Bonny a watan Yuli. A Oktoba suka kai rundunar Benjamin Adekunle Kalaba, garin da aka yanke masa cibiya. Toshewar ta taimaka wajen cin yaƙin, ta kuma tsananta yunwar da ta hallaka fararen hula masu ɗimbin yawa.

Ya miƙa rundunar ga Nelson Soroh a 1973, ya ci gaba da zama na biyu a gwamnati har Yulin 1975, lokacin da Murtala Muhammad, ɗan Kano, ya hau mulki aka yi masa ritaya. Ya rasu ranar 12 ga Disamba 1991. Sansanin sojojin ruwa da ke Ojo a Legas, NNS Wey, sunansa ya ci.