LIKITA JOHN CADE DA CIWON HANKALI MAI HAWA DA SAUKA

Akwai wani ciwon hankali da ke jujjuya mutum tsakanin hali biyu. Wani lokaci sai zumuɗi ya cika shi, ba barci, surutu ba tsayawa, yana watsar da dukiyarsa. Can kuma sai baƙin ciki ya danne shi har ya kasa tashi daga gado. Shekaru aru-aru babban abin da ake yi wa masu wannan ciwo shi ne kullewa. Wanda ya buɗe ƙofar samun maganinsa shi ne Likita John Cade na ƙasar Ostireliya.

An haife shi ran 18 ga Janairu, 1912. Mahaifinsa likita ne a asibitocin masu taɓin hankali, saboda haka tun yana yaro ya saba da marasa lafiyar, bai ɗauke su abin tsoro ba. Ya gama karatun likita a Jami'ar Melbon a 1934. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Japan suka kama shi a Singafo a 1942, ya yi shekara uku da rabi a sansanin fursunoni na Changi. A can ya ga yadda yunwa da cututtuka ke gusar da hankalin 'yan'uwansa fursunoni, tunaninsa ya ƙarfafa cewa ciwon hankali yana iya samun tushe a cikin jiki.

Bayan yaƙi ya kama aiki a asibitin Bundoora. Ba shi da ɗakin bincike, sai wani tsohon ɗakin girki. Zatonsa shi ne akwai wata guba a jikin masu ciwon, wadda take fita ta fitsari. Sai ya riƙa yi wa ɓerayen Masar allurar fitsarin marasa lafiya. Cikin haka ya yi amfani da gishirin wani sinadari mai suna litiyam don kawai ya narkar da abin da yake gwadawa, sai ya lura ɓerayen sun yi laƙwas. Zaton guba bai tabbata ba, amma bai kau da kai daga abin da idonsa ya gani ba.

Kafin ya ba kowa maganin, shi ya fara sha. Daga nan ya ba mutum 10 masu tsananin zumuɗi, suka natsu. Na farkonsu ya yi shekara biyar a rikice, amma ya samu sauƙi har ya koma gida da aiki. A watan Satumba 1949 Cade ya buga sakamakon a mujallar likitocin Ostireliya.

Sai dai murna ta gauraya da hawaye. Litiyam idan ya wuce kima guba ne, kuma wannan majiyyaci na farko ya rasu a 1950 sanadiyyar gubarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Edward Trautner na Jami'ar Melbon ya nuna yadda za a riƙa auna litiyam a cikin jini. Mogens Schou na ƙasar Danmak ya tabbatar da amfaninsa da gwaji mai tsari a 1954. Sai a 1970 Amurka ta amince da shi. Har yau yana cikin manyan magungunan wannan ciwo, a ƙarƙashin kulawar likita.

Cade ya shugabanci asibitin Royal Park daga 1952 zuwa 1977. Ɗan ɗarikar Katolika ne mai riƙo da ibada. Ya rasu ran 16 ga Nuwamba, 1980.

Ɗalibai, ga abin koyi: kada ku raina ƙaramin ɗakin gwajinku. Mu kuwa 'yan ikilisiya, idan ɗan'uwa ya kamu da wannan ciwo, kada mu ɗaure shi ko mu yi masa ba'a. Mu yi masa addu'a, mu kuma kai shi asibiti.