Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

Da shugaba ta ce a bana mu 'yan ajin yaƙi da jahilci ne za mu cika shafi guda a takardar bikin ƙungiya, sai muka yi ta kallon juna. Mu da muka saba da mudu da tiya, yaushe ma muka fara riƙe biro? Daga baya muka ce to, bari mu kawo tarihin wadda ta riga mu wannan hanya, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙanta.

An haife ta a Ɗegel wajen 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Tana 'yar kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yaƙi da yunwa da ƙaura, amma duk da haka ta haddace Alƙur'ani. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yayanta. Ga miji, ga 'ya'ya, ga baƙi, ga alƙalami. Da Larabci take rubuta wa malamai, da Fulatanci ga danginta, da Hausa kuma ga talakawa irinmu, a ajami. Rubuce-rubucenta da suka iso zamaninmu sun kai wajen 60. Ita ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, ta kuma tsara Sunago, waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani don a riƙe su da ka.

Amma mu abin da ya fi kama mana zuciya shi ne 'Yan Taru. Ta lura matan ƙauye ba za su iya barin girki da goyo su zauna a Sakkwato ba. Sai ta zaɓi dattawan mata masu hankali da riƙon amana, ta ba kowacce malfa da jan rawani, ana kiranta jaji. Jaji ta taso daga ƙauyensu da tsofaffi da 'yan mata, a ƙafa fa, su zo su ɗauki karatu a waƙe, su koma su biya wa waɗanda ke cikin gida. Sukan zo da hatsi da zuma da man shanu, ita kuma ta raba wa mabukata. Wallahi da malamarmu ta zo nan sai wata a ajinmu ta ce ai wannan ƙungiyar gama kai ce, littafin adashi kawai ya rage.

Ta rasu a 1864, kabarinta na Hubbaren Shehu. Ƙanwarta Maryam, wadda ta taɓa zama a Kano tana auren Sarki Ibrahim Dabo, ita ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Can baya wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta yi shekaru tana bin takardunta a wurin Waziri Junaidu, wanda jininta ne, har ta fitar da littafin tarihinta a 1989.

Yanzu ga maganar gida. Tun da damina ta faɗi ajinmu ya ragu. Wasu gona, wasu kasuwa, wasu kuwa maigida ne ya ce karatun tsohuwa na me. Muna roƙon mazajenmu da ke karanta wannan takarda su tuna Giɗaɗo waziri ne guda, bai hana matarsa ba. Mu da muka daure, yau da kanmu muke rubuta bashin da muka bayar a kasuwar Kwanar Ɗangora, ba sai mun jira yaro ya dawo daga makaranta ya ga sirrinmu ba.

'Yan'uwanmu na ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada sun ce nisa da kuɗin mota ne suka hana su zuwa Ƙofa. Mun yi shawara duk wadda ta iya haɗa baƙi a cikinmu ta ɗauki ƙauye ɗaya, ko da sau ɗaya ne a mako. Mai so ta ba da sunanta wurin sakatariya ranar biki.