Pearl Buck: Ba'amurkiyar da ta tashi a ƙasar Sin, ta rubuta wa yara labarin Sinawa

Gadarif, Sudan. Idan Bahaushe ya so nuna nisan wuri sai ya ambaci Birnin Sin. Pearl Buck, marubuciyar Amurka da ta rasu a 1973, a can ta yi wayo, kuma a can ta shafe kusan shekara 40 na farkon rayuwarta. An fi saninta da littafin The Good Earth, wanda masu karatun Faransanci suka sani da La Terre chinoise, na Larabci kuma da Al-Ard al-Tayyiba. Sai dai ta rubuta wa yara littattafai da dama a kan rayuwar Sinawa, a zamanin da yaran Amurka ba su san Basine ba sai a hotunan ba'a. Takardun da ta bari ma suna da nasu tarihin: wasu sun hallaka a yaƙi, wasu sun ɓace shekara 40, wasu kuma an tsince su a ɗakin ajiyar kaya.

Ƙuruciya a bakin kogin Yangtze

An haife ta ranar 26 ga Yunin 1892 a garin Hillsboro na jihar West Virginia. Iyayenta, Absalom Sydenstricker da Caroline, 'yan mishan ne da suka tafi ƙasar Sin a 1880, kuma hutu suka zo gida aka haife ta. Tana da 'yan watanni suka koma da ita. Cikin 'ya'ya bakwai da suka haifa, uku ne kawai suka girma.

A birnin Zhenjiang da ke bakin kogin Yangtze ta tashi. Sinanci da Turanci tare ta koye su. Mahaifiyarta na koya mata karatun boko da safe, wani malami Basine mai suna Kung yana koya mata rubutun Sinanci da koyarwar Confucius, mai renonta Wang Amah kuma tana ba ta tatsuniyoyi. Sunanta na Sinanci Sai Zhenzhu.

A 1900, tana da shekara takwas, tawayen da ake kira Boxer ya ɓarke, aka shiga farautar baƙi da Kiristoci. Iyalin suka gudu Shanghai. Tun daga lokacin ta gane cewa ƙasar da take ɗauka gida tana iya kallonta a matsayin baƙuwa. Da ta je Amurka karatu a kwalejin mata ta Randolph-Macon, daga 1910 zuwa 1914, can ma ɗalibai suka riƙa yi mata kallon 'yar wata ƙasa. Ta koma Sin a 1914 don jinyar mahaifiyarta.

Aure, ƙauye da Carol

A 1917 ta auri John Lossing Buck, masanin tattalin arzikin noma. Suka zauna a arewacin lardin Anhui, yankin talakawan manoma da fari da ambaliya ke yawan addaba. Mijin yana zagaya ƙauyuka yana tambayar girman gona da yawan amfani, ita kuma tana yi masa tafinta, tana shiga cikin gidaje wajen mata. Abin da ta gani a waɗannan shekaru shi ya zama jarin rubutunta.

A 1920 suka koma Nanjing, inda ta riƙa koyar da Turanci a jami'a. A shekarar ta haifi 'yarta Carol, daga nan aka yi mata aikin da ya sa ba ta sake haihuwa ba. Carol ta girma a jiki amma hankalinta ya tsaya na ƙaramin yaro. Sai bayan shekaru aka gano cutar PKU ce, cutar gado da ke hana jiki sarrafa wani sinadarin abinci har ya taru ya lalata ƙwaƙwalwa. Likita ɗan Norway Asbjørn Følling ne ya fara gano wannan cuta a 1934, lokacin da babu sauran abin da za a iya yi wa Carol.

A watan Maris na 1927 sojojin 'yan kishin ƙasa suka shiga Nanjing, aka kashe wasu baƙi, aka wawashe gidajensu. Wata talaka Basiniya da Pearl ta taɓa taimaka wa ta ɓoye iyalin a bukkarta, har aka kwashe su a jirgin ruwan yaƙin Amurka. A wannan wawaso rubutun ƙagaggen labarinta na farko ya hallaka, kuma ba ta sake rubuta shi ba. Tarihin mahaifiyarta da ta rubuta ya tsira, aka buga shi a 1936 da sunan The Exile.

Littafin da ya sauya mata rayuwa

A 1929 ta kai Carol makarantar yara masu buƙata ta musamman da ke Vineland a jihar New Jersey. Kuɗin makarantar ya fi ƙarfinta, kuma neman su na cikin abin da ya sa ta duƙufa rubutu. Kamfanin John Day na New York ya buga littafinta na farko, East Wind: West Wind, a 1930, sannan The Good Earth a 1931.

Labarin wani manomi ne, Wang Lung, da matarsa O-lan wadda baiwa ce a gidan masu arziki. Yunwa ta kore su zuwa kudu, suka yi bara da jan amalanke, suka dawo suka sayi gonaki, fara ta auka musu, arziki ya zo da kishiya da rigingimu, a ƙarshe 'ya'yan suna shirin sayar da ƙasar da uban ya sha wahala a kanta. Manomin dawa da riɗi a Gadarif ba zai buƙaci a yi masa bayanin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Littafin ya fi kowane ƙagaggen labari kasuwa a Amurka a 1931 da 1932, ya ci kyautar Pulitzer a 1932, aka yi fim ɗinsa a 1937. A 1938 aka ba ta kyautar Nobel ta adabi, ita ce mace Ba'amurkiya ta farko da ta samu.

Ba kowa ya yi maraba da ita ba. Babban marubucin Sin Lu Xun ya nuna cewa saninta ga ƙasar bai wuce na 'yar mishan da ta tashi a cikinta ba, kuma Sinawa ne suka fi dacewa su rubuta kansu. Wasu masu ilimin Sin sun ji haushin yadda ta fito da talaucin ƙauye a idon duniya. 'Yan mishan ma sun juya mata baya bayan ta soki girman kai da jahilcin wasunsu a bainar jama'a, ta ajiye aikin a 1933. A 1934 ta bar Sin. A 1935 aurenta ya mutu, ta auri Richard Walsh, shugaban kamfanin John Day, suka zauna a gonar Green Hills da ke jihar Pennsylvania, suka ɗauki riƙon yara da dama.

Abin da ta rubuta wa yara

Littafinta na farko don matasa shi ne The Young Revolutionist na 1932, labarin wani saurayi Basine da ya shiga rundunar juyin juya hali. Da dama daga cikin na ƙananan yara sun fito ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Sin da Amurka ke kawance a kan Japan. The Chinese Children Next Door na 1942 labarin maƙwabta ne da suka haifi 'ya'ya mata shida kafin su samu namiji. The Water-Buffalo Children na 1943 ya haɗa wata yarinya Ba'amurkiya da yaran ƙauye masu kiwon ɓaunar ruwa. A The Dragon Fish na 1944, wata Basiniya da wata Ba'amurkiya, kowacce ta gaji da tsokanar 'yan uwanta maza, sun zama ƙawaye. Yu Lan: Flying Boy of China ya biyo baya a 1945, sai The Big Wave na 1948 wanda ya faru a Japan. Shekara biyu kafin rasuwarta, a 1971, ta fitar da The Chinese Story Teller, tatsuniyar asalin gabar kare da kyanwa.

Dabararta ɗaya ce a kusan dukkansu. Ba ta fara da sarakuna ko gidajen bauta. Tana fara da abin da kowane yaro ya sani, kamar abinci da wasa da faɗan wa da ƙani, sannan ta shigo da abin da ya bambanta. Dalilin hakan a fili yake. Tun 1882 Amurka na da dokar hana Sinawa shiga ƙasar da samun takardar zama ɗan ƙasa. Pearl da mijinta na cikin jagororin neman a soke ta, ta ba da bahasi a gaban kwamitin majalisa, aka soke dokar a 1943. Ta kuma yi rubutu a kan haƙƙin baƙar fatar Amurka, abin da ya sa hukumar FBI ta buɗe mata fayil.

A 1949 ta kafa Welcome House, domin hukumomin riƙon marayu na ƙin karɓar yaran da ɗaya daga iyayensu ɗan Asiya ne. A 1950 ta fito da labarin Carol a littafin The Child Who Never Grew, a zamanin da iyalai ke ɓoye irin waɗannan yara. A 1964 ta kafa gidauniya don 'ya'yan da sojojin Amurka suka haifa suka bari a Koriya da sauran ƙasashen Asiya, yaran da ƙasar uba da ta uwa duk ba su amsa su ba.

A 1972, shekarar da Shugaba Nixon ya ziyarci Beijing, ta nemi biza. Gwamnatin Kwaminis ta hana ta, bisa zargin cewa rubuce-rubucenta sun ɓata sunan sabuwar Sin. Ta rasu ranar 6 ga Maris, 1973 a Danby ta jihar Vermont, tana da shekara 80. Dutsen kabarinta a Green Hills sunanta na Sinanci ke rubuce a kai.

Inda takardun suka shiga

Bayan rasuwarta 'ya'yanta sun shiga kotu a kan wasiyyar da ta bari, kuma kayanta sun rarrabu. Rubutun asali na The Good Earth, shafi kusan 400 da aka buga da tafireta da gyaran hannunta, ya ɓace tun wajen 1966. Sai a 2007 ya ɓullo a wani gidan gwanjo na Philadelphia, 'yar wata tsohuwar sakatariyarta ce ta kai shi, tare da wasiƙu daga Eleanor Roosevelt da Shugaba Harry Truman. Gidan gwanjon ya sanar da FBI, aka karɓe takardun. A ƙarshen 2012 kuma wata mata ta sayi kayan wani ɗakin ajiya da aka yi watsi da shi a Fort Worth ta jihar Texas, ta tarar da rubutun wani littafi da Pearl ta kammala dab da rasuwarta. An buga shi a 2013 da sunan The Eternal Wonder.

Mafi yawan rubuce-rubucenta na hannu sun daɗe a kwalejin West Virginia Wesleyan, a 2014 aka mayar da su Jami'ar West Virginia da ke Morgantown. Takardun kamfanin John Day suna Jami'ar Princeton. Sin ma ta sauko daga fushinta: gidansu na Zhenjiang ya zama gidan tarihi, Jami'ar Nanjing kuma ta gyara gidan da ta zauna a harabarta ta buɗe shi a 2012.

Hausawan Sudan sun san darajar takarda fiye da yawancin mutane. Kakanninsu sun zo ta hanyar Makka, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Maiurno a bakin Shuɗin Nilu, suka bazu har Gadarif da Kassala. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun kafin 1898, sharaɗin da ya sa jinsiyya ta yi wa da yawansu wuyar samu ko da a nan aka haifi iyayensu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙona ɗakunan karatu, ciki har da na cibiyar Muhammad Omar Bashir a Jami'ar Ahliyya ta Omdurman, ya kuma koro dubban iyalai zuwa Gadarif da abin da suka iya ɗauka. Takardun Pearl Buck sun samu jami'o'i da lauyoyi da jami'an tsaro masu nemansu. Wasiƙar ajami, takardar gona da hoton kaka da ke cikin adakar gidan Bahaushe ba su da mai nema sai mutanen gidan, kuma ɗaukar hotonsu da waya a tura wa dangi a Kano ko Maraɗi aikin 'yan mintoci ne.