Imamul Gazali: Ɗan mai kaɗin ulu da ya kira kuɗi alƙali

An haifi Hujjatul Islam Abu Hamid Muhammad al-Gazali, Allah Ya ƙara masa yarda, a garin Ɗus na ƙasar Hurasan a shekarar 450 bayan Hijira (1058). Mahaifinsa talaka ne mai kaɗin ulu. Da ajali ya matso, ya damƙa shi da ƙanensa Ahmad ga wani abokinsa sufi, tare da ɗan abin da ya tara. Da guzurin ya ƙare, sufin ya ba su shawarar shiga makaranta, don can ana ciyar da almajirai. Yunwa ce ta buɗe masa ƙofar ilimi.

Ya yi karatu wajen Imamul Haramaini a Naisabur. A 484 waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi kan makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ga ɗalibai ɗari uku, ga daraja a fada. Bayan shekara huɗu ya binciki niyyarsa, ya tarar son girma ya gauraya da ita. Harshensa ya ɗaure, karantarwa ta gagara. Ya rabar da dukiyarsa, ya bar wa iyali abin da zai ishe su, ya nufi Sham. A kabarin Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya yi alkawarin daina karɓar kuɗin sarakuna.

Abin mamaki, wanda ya bar dukiya bai zagi kasuwa ba. A cikin Ihya'u Ulumid Din ya sanya noma da saƙa da gini cikin farillan kifaya: in kowa ya bar su, al'umma duka ta yi laifi. Ya kawo misalin mai raƙumi da ke neman za'afaran, mai za'afaran kuma yana bukatar raƙumi. Wa zai raba gardamar? Zinariya da azurfa, waɗanda Allah Ya halitta su zama alƙalai tsakanin kayayyaki. Saboda haka mai binne kuɗi kamar wanda ya kulle alƙali a kurkuku ne, mai cin kuɗin ruwa kuma ya butulce wa ni'ima. Ya tsananta kan ɓoye hatsi lokacin tsada da sakin jabun kuɗi, domin cutarsu kan kai ga mutanen da mai laifin bai taɓa gani ba. Adalci a ciniki ya kamanta shi da uwar kuɗi, kyautatawa kuwa ita ce ribar.

Ya koma koyarwa a Naisabur a 499, sannan ya dawo Ɗus, ya kafa makaranta da zawiyar sufaye kusa da gidansa. A nan ya rasu a 505 (1111).