Waliyi Charles de Foucauld, Maƙwabcin Buzaye

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Maigatari ya ga Buzaye da raƙumansu. A cikin wannan al'umma ne, can arewa da Agadas, wani Fada Bafaranshe ya zauna shekara 11, shi kaɗai a tsakiyar Musulmi, kamar yadda iyalan Kirista da dama suke zaune a ƙasar Gumel.

An haifi Charles de Foucauld a Strasbourg a shekarar 1858, ya zama maraya yana ɗan shekara 6. Ya shiga soja, ya yar da bangaskiya, ya kuma ɓarnatar da dukiyar da ya gada. A tafiyarsa ta Maroko a 1883 ya ga yadda Musulmi ke tsayar da salla a kan lokaci, abin ya tsaya masa a rai. A 1886 ya durƙusa gaban Fada Huvelin a Paris ya furta zunubansa. Daga baya ya yi aikin bara a gidan Sistoci a Nazarat, aka naɗa shi firist a 1901, ya sauka Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya a 1905.

Ayar da ta mallaki zuciyarsa ita ce Matiyu 25:40, inda Ubangiji ya ɗauki abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta a matsayin abin da aka yi masa. Bai bar ta a takarda ba. Ya fanshi bayi, ya bar ƙofarsa a buɗe ga matafiya, ya kwashe shekaru yana haɗa ƙamus na harshen Buzaye domin ya ji maƙwabtansa da kyau.

A 1907 fari ya auku. Ya raba hatsinsa har ya ƙare, farkon 1908 kuma ciwo ya kwantar da shi, ba likita, ba ɗan'uwa. Buzayen nan, su da kansu suna fama da yunwa, suka bi garke garke suna neman akuyar da ke da sauran nono, suka shayar da shi har ya miƙe. Ya zo ne da zaton shi ne mai bayarwa, sai ga shi talakawan wani addini sun riƙe ransa. Karɓar alheri da tawali'u ya fi bayar da shi wuya, musamman ga mutumin da ya tashi cikin arziki.

Ba za a ɓoye ba cewa yana da kusanci da hafsoshin mulkin mallaka na Faransa, kuma wannan ya sa shi cikin rikicin zamaninsa. Ranar 1 ga Disamba 1916 mahara suka kama shi a ƙofar gidansa, wani yaro da aka sa gadinsa ya firgita ya harbe shi. Ya mutu ba shi da almajiri ko ɗaya a tare da shi. Paparoma Francis ya ayyana shi waliyi ranar 15 ga Mayu 2022, Ikilisiya kuwa tana tunawa da shi a ranar rasuwarsa.